Tsakanin Kala da Fasa Rumbu: Waƙoƙin da Mawaƙi Ya Bari a Baya

A al'adar noma ta ƙasar Hausa, idan mai gona ya cire gyaɗarsa ya kwashe, akan bar mata da yara su shiga su tona abin da ya yi saura a cikin ƙasa. Wannan shi ake kira kala, kuma ba a kiran mai yin ta ɓarawo, domin mai gona ya riga ya ɗauki abin da yake so ya juya baya. Amma da a ce yaron nan zai bi mai gona har gida ya buɗe rumbunsa ya ɗebi ko da tiya ɗaya ce, to sunansa ya sauya ke nan, ko da kuwa gyaɗar iri ɗaya ce da wadda ya tona a gona. Wannan bambanci nake so mu riƙe a zuciya, ni da mai karatu, yayin da za mu duba wata tambaya da ta shafi fasahar waƙa: shin akwai daraja a cikin waƙoƙin da mawaƙi bai sa a gaba ba, in kuwa akwai, wa ke da ikon tattara su ya fitar wa duniya?

Tambayar ta fi fitowa fili a sana'ar faifai ta Turai da Amurka, saboda haka bari mu fara daga can. Ƙaramin faifan garmaho mai juyi 45 a minti, wanda kamfanin RCA Victor ya fito da shi a 1949, fuska biyu gare shi. A fuskar gaba ake sa waƙar da ake fatan gidajen rediyo za su riƙa sakawa, ita ce kuma ake tallatawa. Bayan faifan kuwa sai a cike shi da wata waƙar da ba a ɗora mata wani buri ba. Daga baya sai ƙungiyoyin mawaƙa, musamman na kiɗan rok waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni, suka ɗauki ɗabi'ar tattara waɗannan waƙoƙi na baya, tare da waɗanda suka rera a ɗakin rediyo sau ɗaya tak, su fitar da su a kundi guda. Alal misali, ƙungiyar The Smiths ta birnin Mancesta a Ingila ta fitar da irin wannan kundi mai suna Hatful of Hollow a 1984, wanda ya ƙunshi har da waƙoƙin da suka rera wa BBC. Waƙarsu “How Soon Is Now?”, wadda a yau take cikin waɗanda aka fi sanin su da ita, a bayan faifai ta fara fitowa a wannan shekarar, sai a 1985 aka fitar da ita a fuskar gaba.

Abin da wannan ke nuna mana shi ne, hukuncin da ya kai wata waƙa gaba ya mayar da wata baya galibi hukuncin kasuwa ne, wato kintacen abin da zai sayu a wannan watan. Shi kuwa ɗan kasuwa yakan yi kuskure. Daɗin daɗawa, da yake ba a sa wa bayan faifai ido, a nan ne mawaƙi yake samun sararin gwada abin da ba zai yi kasadar gwadawa a gaba ba. Wanda ya tattara irin waɗannan waƙoƙi kala ya yi tsantsa, domin masu su da kansu suka fitar da su tun farko. Ba na ganin akwai doguwar muhawara a nan.

Idan muka dawo gida kuwa, sai mu tarar al'amarin ya juye. Makaɗin baka na Hausa ba don faifai yake shirya waƙarsa ba. Wurin da waƙa take rayuwa shi ne fada, ko dandalin biki, ko filin dambe da na noma, inda makaɗi ke duban jama'a yana ƙara ɗiya yana ragewa gwargwadon wanda ya shigo da wanda ya yi kyauta. Faifan garmaho na farko mai juyi 78 kimanin minti uku yake ɗauka a kowace fuska, mai juyi 45 ma bai fi shi da yawa ba. Yaya za a yi a cusa waƙar da ake kwashe rabin sa'a ana yi a cikin minti uku, in ba an datse ta ba? Ke nan abin da kamfani ya buga, wanda muke ɗauka shi ne asali, sau da yawa shi ne guntu. Cikakkiyar waƙar tana cikin kaset ɗin da wani mai sha'awa ya ɗauka da rakodarsa a gefen taro, cike da hayaniyar jama'a da guɗar mata da muryar sanƙira.

Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, shi ne babban misali. An san shi da ƙirƙirar waƙa nan take, kuma duk wanda ya saurari “Bakandamiya” a ɗauka fiye da ɗaya ya san ba a samun biyu da suka zo daidai da juna. To wacce ce ta gaba, wacce ce ta baya? Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun wallafa Shata Ikon Allah a 2006, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero kuma ya tattara matanonin waƙoƙin makaɗa da dama a cikin Diwanin Waƙoƙin Baka. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da taimakon abin da masu kala suka adana. Mu dubi kuma Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, kafin kaset ya shigo hannun jama'a, domin a 1963 ne kamfanin Philips ya fito da shi. Abin da ya rage mana na muryarsa kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da tsawon shekarun da ya yi yana waƙa. Da za a tsinci wata ɗauka tasa a yau, komai ƙarar da ke cikinta, ba manazarcin da zai ce a jefar.

A ina irin wannan dukiya take ajiye? Wani ɓangare yana ɗakunan ajiya na gidajen rediyo, kamar na Kaduna. Amma mai yawa yana hannun talakawa, a kwalaye da akwatunan direbobi da fatake da tsofaffin masu sayar da kaset. Garuruwan kan iyaka irin su Sahuda, a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, inda hanya ke ratsawa zuwa Kamaru, suna da muhimmanci a nan, domin waƙa tana bin hanyar fatauci ne, kuma kaset ɗin da ya ƙare a birni yakan daɗe yana yawo a gefen ƙasa. Lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a ƙarshen Oktoba na 2014, jama'a sun watse, wasu sun tsallaka Kamaru, kuma ta Sahuda dubban 'yan gudun hijira suka dawo a 2015. Mai gudun tsira da rai ba ya ɗaukar kwalin kaset. Duk waƙar da kwafinta ɗaya ne a duniya, in ta salwanta a irin wannan hali, ta tafi ke nan, ba ma wanda zai san ta taɓa wanzuwa. Wannan kaɗai ya isa hujja ga mai tattarawa.

Sai dai akwai mai cewa: shin ba haƙƙin mai fasaha ba ne ya zaɓi fuskar da zai nuna wa duniya? Akwai daren da muryar makaɗi ta dushe, akwai ranar da 'yan amshi suka kasa ɗaukar amshi. Franz Kafka, marubucin nan da ya yi rubutu da Jamusanci, ya bar wa abokinsa Max Brod wasiyyar ya ƙone rubuce-rubucensa. Da Kafka ya rasu a 1924 Brod ya ƙi, ya buga su, duniya kuma tana gode masa har yau. Ni ban ɗauki godiyar duniya a matsayin hujjar wanke Brod ba, domin amfanin da aka ci daga karya wasiyya bai mayar da karyawar cika alkawari ba. Amma lamarin makaɗinmu ya sha bamban. Abin da ya rera a bainar jama'a ya riga ya bar rumbunsa, ya zuba a gona. Dushewar murya kuwa ba abin kunya ba ne ga mutumin da ya kwana yana waƙa. A wurin ɗalibi ma darasi ne na yadda gwani ke ceto waƙar da ta fara zamewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, waƙar Hausa tana da mutum na uku. Mawaƙin rok na Ingila galibi damuwar kansa yake rerawa, shi kuwa makaɗin Hausa sunan wani yake kira, ya ambaci ubansa da garinsa. Idan yabo ne, zuriyar wanda aka yaba za su yi murna da jin sa. Idan zambo ne fa? Akwai zambon da ya game gari tun mai shi yana raye, kamar “Gagarabadau” ta Shata, wannan ba mai iya mayar da shi cikin kwalba. Akwai kuma wanda aka yi a zaure, a gaban mutum goma, cikin fushin kwana ɗaya, mai yiwuwa ma daga baya aka sasanta aka ci abinci tare. Makaɗin ya bar waƙar bai ƙara rera ta ba, barin nan kuwa hukunci ne da ya yanke. Wanda ya tono ta bayan shekara arba'in ya watsa, yana sa jikokin wani su ji ana muzanta kakansu a tashar mota, alhali daga makaɗin har wanda aka yi wa zambon ba mai iya tashi ya yi bayani. Addini ya hore mu da suturta aibin mutane da kame baki daga zagin matattu, ban ga dalilin da zai sa daɗin kalangu ya ɗage wannan horo ba. A ganina irin wannan ɗauka a adana ta a ɗakin ajiya na jami'a, inda manazarci zai saurara da sanin nauyin da ke kansa, kada ta shiga kasuwa. Na san wasu abokan aiki za su kira wannan tauye ilimi, amma ilimin bai tafi ko'ina ba, yana nan ga mai nemansa da dalili.

Akwai kuma wata ɓarnar da ba a cika magana a kanta ba. A yau masu tura waƙoƙi a waya suna loda ɗaruruwa a katin ajiya guda, ba sunan waƙa na gaskiya, ba shekara, ba wurin da aka rera ta, wani lokaci ma a jingina wa wani makaɗi waƙar da ba tasa ba. A intanet ma haka abin yake. Wannan ya kawar da abin da ya ba waƙar baya darajarta tun farko, domin ɗaukar da aka yi a biki tana da amfani ne idan an san bikin wa, a wane gari, makaɗin yana da ƙuruciya ko ya manyanta. Ga kuma magada da 'yan amshi da makaɗan da suka raka shi shekara da shekaru, waɗanda ba sa ganin ko kwabo daga wannan ciniki. Ɗalibin da zai je hutu Sahuda ko Mubi ya tarar da kwalin kaset a ɗakin kawunsa, kafin ya juye shi a kwamfuta, ya zauna da dattijon da takarda da alƙalami, ya tambaye shi inda ya samo kowane ɗaya, da wanda ya ɗauka, da shekarar da aka yi taron, tun dattijon yana iya tunawa.