Maharbi Da Mai Gona: Wa Ya Kamata Ya Roƙi Wani?

Ga wata tambaya da ta ke ta da gardama a ƙauyukanmu kowace shekara, da zarar an kau da amfanin gona, iskar hunturu ta fara busawa. Maharbi ya hangi zomo ko makwarwa a cikin gonar wani mutum. Zomon nan ba na mai gona ba ne, gama bai saye shi ba, bai kuwa yi kiwonsa ba. To, ko wajibi ne maharbi ya nemi izini kafin ya shiga ya harba? Bari mu duba maganar a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, inda noma da farauta su ka daɗe suna zaman maƙwabtaka.

Da fari sai mu ji ta bakin maharba, gama suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Suna cewa naman daji ba shi da ubangiji sai wanda ya kama shi. Suna cewa sana'arsu gado ce, tana da sarkinta, watau Sarkin Baka, kamar yadda manoma su ke da Sarkin Noma. Suna kuma cewa aikinsu taimako ne ga manomi. Gafiya tana haƙe gyaɗa, biri yana karya dawa, zomo yana cin wake tun yana ɗanye, tsuntsayen jan baki kuwa in su ka sauka a fadamar shinkafa sai su bar mai ita da kara. Wanda ya rage maka waɗannan, in ji su, godiya ya cancanta. Ƙarshen hujjarsu ita ce al'ada. A da, in an gama girbi, gona ta kan zama kamar fili. Makiyayi ya shiga da shanunsa su ci kara su bar taki, mafarauta su ratsa da karnukansu, ba mai cewa uffan.

Duk wannan gaskiya ne, ba mu ƙaryata ko ɗaya. Amma akwai abu guda da hujjar nan ta tsallake. Zomo ba na mai gona ba ne, lalle, amma ƙasar da maharbi zai taka kafin ya kai ga zomon fa? Ba ya iya tashi sama kamar shaho ya sure shi. Dole ya bi ta kan kunyoyin da wani ya yi gumi a kansu. Ashe abin da a ke neman izini a kansa shi ne shigar, da harbin da za a yi a wurin da wani mutum ya ke da iyali da dukiya. Mu duka mun san wannan ka'ida a gida. In kazar maƙwabcinmu ta faɗa gidanmu, kazar tasa ce, duk da haka ba ya tsallako katanga ya kama ta. Sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Idan mai kaza yana sallama a kan abin da ya ke nasa, ina ga wanda ya ke bin abin da ba na kowa ba?

Al'adar da a ke kafa hujja da ita kuwa ta tsaya ne a kan wani zamani da ya shuɗe. Sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno, inda ya rasu a 1837, daji ya fi gona yawa nesa ba kusa ba. Mai son farauta yana da inda zai nufa. Tun daga lokacin mutane sun ƙaru ƙwarai, an sare daji an mai da shi gona. Ban da wannan, rani ya daina zama lokacin da gona ta ke hutawa. An gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, fadamun Rima kuma su ka cika da noman rani. Watannin da mafarauta su ka saba fita su ne watannin da albasa da tafarnuwa da alkama da shinkafa su ke tsaye a fangali. Ko a gonar tudu ma, karan da a ke bari dā ya zama kuɗi. Manomi yana ɗaure harawa da karmami ya ɗora a kan itace, ya sayar ko ya ciyar da tumakinsa. Saboda haka gonar da maharbi ya ke gani kamar ba kome a cikinta, wataƙila abincin dabbobin gida na wata huɗu ne a ajiye.

Mu ƙara da abin da maharbi ba ya iya sani sai an gaya masa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Mai gona ne ya san cewa yaransa biyu suna tsugune a cikin shinkafa suna korar tsuntsu. Shi ya san inda ya ɓoye injin ban ruwa a ƙarƙashin ciyawa, da inda bututu ya bi, da inda ya ɗaure jakinsa. Bindigar adaka ba ta fitar da harsashi ɗaya, watsa shi ta ke yi, abin da ya fita kuwa ba ya komowa. Haka kuma wuta. Yara su kan cinna ta a bakin rami domin gafiya ɗaya, iskar hunturu ta ɗauke ta, kafin a ankara ta cinye dammunan dawa da ba a riga an kai rumbu ba. Tambaya guda a bakin gona ta isa ta tsare wannan duka. Neman izini, ashe, neman sani ne kuma.

Akwai wani dalili mai nauyi da kakanninmu ba su san shi ba. Ƙasar nan ta sha baƙin ciki a hannun 'yan bindiga. A watan Yuli na 2018, an kashe mutum fiye da 30 a Tabanni da kewayenta, cikin ƙasar Gandi ta Rabah. A Oktoba na 2021 an buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 su ka rasu. Mutanen da su ka ga wannan, in su ka hangi baƙo da bindiga yana sanɗa a bakin gona, ba zomo zai fara zo musu a rai ba. Mata za su watsar da kayansu su gudu, maza kuwa su ɗauki abin da su ke da shi. Tsoron nan kansa ɓarna ce, ko da ba a taka ko ganye ɗaya ba. Haɗarin kuma yana kan maharbi. A watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, taron jama'a sun kashe matafiya 16 'yan Arewa, mafarauta, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu an zarge su da satar mutane. Kisan nan zalunci ne wanda ba shi da uzuri ko kaɗan. Amma yana nuna mana yadda zato ya ke gudu ya bar gaskiya a baya a lokacin tsoro. Maharbin da mai unguwa ya san da zuwansa, mai gona kuma ya san fuskarsa, ya sami garkuwa wadda laya ba ta ba shi.

Wani zai ce, ai yana da lasin gwamnati. An yi dokar bindiga a 1959, an yi dokar namun daji ta Jihar Arewa a 1963, dokar ƙasa ta 1978 kuma ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Amma lasin magana ce tsakanin maharbi da hukuma. Ba ta ba shi mabuɗin gonar kowa ba, dokar 1978 kuwa ba ta raba manomi da hakkinsa na zama da noma a gonarsa ba. Waɗansu ƙasashe sai da su ka sha wuya kafin su koyi wannan. A Faransa, kafin 1789, farauta ta manyan gari ce kaɗai. Su kan ratsa hatsin talakawa a kan dawakai, talaka kuwa ba shi da ikon kashe zomon da ya ke cin shukarsa. Wannan yana cikin ƙorafin da manoma su ka yi ta kaiwa, a watan Agusta na shekarar nan kuma a ka soke gatan. Daga baya dokarsu ta ce kada kowa ya yi farauta a ƙasar wani sai da yardar mai ita.

To, kada manoma a cikinmu su ji daɗi su ce maganar duka a kan maharba ta faɗi. Wanda a ke roƙonsa shi ma yana da nasa nauyi. In gona ta zama fayau, ba shuka ba dami, maharbi kuma sananne ne mai hankali, hana shi rowa ce kawai, hana wani kuwa hana kai ne. Wanda ya kori maharbi da baƙar magana a rani, da wane baki zai kira shi a damina sa'ad da birai su ka addabe shi? Ya kamata mai gona ya faɗi gaskiya, ya nuna inda haɗari ya ke, in kuwa zai hana, ya faɗi dalili. Kada kuma ya mai da izini ciniki, ya tsuga wa talaka ɗan'uwansa kuɗin da ya fi naman.

Ga wurare biyu masu wuya. Na ɗaya, an harbi gada a inda a ka ba da izini, ta gudu da rauni ta faɗa gonar wani. Barinta ta mutu a hankali mugunta ce, shiga da bindiga a ɗane kuma keta hakki ne. A ganinmu, in mai gona yana kusa, a kira shi. In ba ya nan, maharbi ya ajiye bindiga a kan iyaka, ya shiga da wuƙa kaɗai, ya ɗauko abinsa, sa'an nan ya je da ƙafarsa ya faɗa tun ba a ga sawunsa ba. Na biyu, ɓarna tana fitowa daga gonar mutum ɗaya tana cin ta maƙwabta, shi kuwa ya ƙi a shiga. Nan ma ba a shiga da ƙarfi. Sai a kai magana gaban mai unguwa ko uban ƙasa, gama don irin wannan a ka naɗa su.

Yadda a ke roƙon kuwa ba wuya. A je da rana, a bar bindiga a gida, a gai da mutum da iyalinsa, sa'an nan a ce, "Baba, na ga sawun zomaye a gonarka ta gabas. In ka yarda, ina so in zo jibi da asuba, ni da ƙanena, ba kare ba wuta." In ya ce a tsaya daga tsamiya zuwa rafi, a tsaya nan. Izinin jibi ba na shekara ba ne, izinin mutum biyu kuma ba na ashirin ba ne. In an samu, a kai masa cinya ɗaya. In ba a samu ba, a koma a yi masa sai an jima.

Mu da mu ke karanta wannan, waɗansunmu manoma ne, waɗansu maharba, da yawa kuwa suna yin duka biyu. Kowa ya tambayi kansa abin da zai so a yi masa in da gonar tasa ce, yaran da ke cikin shinkafa kuma nasa ne. Sa'an nan mu koya wa samarinmu haka kafin hunturun bana ya shigo.