Amanar Inuwa

Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta Ya sa Aljanna ce makomarta, tana cikin matan nan na dā waɗanda kunya da tsantseni suka hana su tsayawa gaban mai hoto, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta bar mana ko ɗan fasfo da za mu nuna wa jikokin da aka haifa a bayanta ba. Da shekaru suka shuɗe, yara suka yi wayo, suka fara tambayar kamannin kakar nan da ake ta mayar musu da sunanta, sai yayarmu ta tuna cewa a ƙasan wata tsohuwar adaka akwai kaset ɗin bikin autarmu, wanda aka ɗauka tun zamanin da mai bidiyo yake saɓa kyamara a kafaɗa, wani yaro na biye da shi riƙe da fitila da doguwar waya. Ta ce kuma tana kyautata zaton Inna ta gilma a cikinsa ranar yinin biki. Ni aka ɗora wa nauyin in je in sa a ciro mana fuskarta daga ciki a wanke, kuma da na san irin tambayoyin da wannan ɗan aike zai tayar mini a zuciya, da na tafi da shiri irin na mai zuwa zauren karatu.

Na kai kaset ɗin wani ɗan shago inda wani saurayi yake juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Ya buɗe murfin, ya nuna mini farar funfuna da damina bayan damina ta shimfiɗa a gefen zaren, ya yi ta gogewa a hankali kamar mai jinya, sa'an nan ya sa a na'ura. Muka zauna muna kallon mutanen da rabinsu yanzu suna ƙarƙashin ƙasa suna ta kai da kawo da kwanukan abinci, har can wajen tsakiya sai ga ta: ta fito daga ɗaki da ƙwarya a hannu, ta yi wa wata magana, ta ɗan tsaya tana sauraron amsa, ta waiwayo ta ga kyamara na kallonta, ta ja mayafi ta juya. Duka-duka sakan 11. A cikin wannan ɗan taƙin ban yi shakkar komai ba. Tafiyarta ce, karkatar wuyanta ce, ita ce kamar in kira ta ta amsa. Na ce masa, “Tsaya nan, ɗana.” Ya danna, hoto ya tsaya, sai fuskar da na sani tun ina goye ta narke a gabana ta zama hazo, gefen kumatunta da hannunta suka tsattsage kamar haƙoran matsefi.

Ya dube ni ya ce, “Baba, haka kaset yake. In yana tafiya ka ga mutum, in ka tsayar da shi ka ga dishi-dishi.”

Bayanin da ya yi mini daga nan, wanda na bi na ƙara fahimta daga baya, shi ne cewa abin da muke kira hoto mai motsi babu motsi a cikinsa ko kaɗan, falle-falle ne na hotuna tsayayyu da ake jero su da sauri, 25 a kowane sakan bisa tsarin talabijin da ƙasarmu take bi. Kuma kowane falle ba a ɗauke shi a lokaci guda ba, domin layukansa 576 an raba su gida biyu, a ɗauki na ɗaya da na uku da na biyar har ƙasa, sa'an nan bayan kashi ɗaya cikin hamsin na sakan a dawo a ɗauki na biyu da na huɗu da na shida. Idan mutum ya motsa a tsakanin ɗauka biyun nan, to, falle guda ya ƙunshi lokaci biyu da aka saƙa su cikin juna, kuma saɓaninsu ne yake fitowa kamar haƙoran matsefi. Bayan wannan, falle ɗaya idan an juye shi a kwamfuta ɗigo 720 ne a kwance sau 576 a tsaye, wato bai kai rabin miliyan ba, alhali wayar da ke aljihun yaro a yau tana ɗaukar hoto mai ɗigo miliyan 12. Kuma kaset irin na VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976, bai ma iya cika wannan ɗan ma'aunin da bayani na gaskiya. Ashe kyan da na gani tana tafiya idona ne ya tattara shi daga falle masu yawa, kowanne ya ba da ɗan abin da ɗan'uwansa ya rasa.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne ga magabata. Ibnul Haisam, malamin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 1040, ya kawo a littafinsa na ilmin gani misalin abin wasan da ake murzawa ya yi ta juyi, irin katantanwar yaranmu: in an shafa masa launuka dabam-dabam aka murza shi, sai ido ya ga launi guda wanda babu shi a jikinsa, domin gani yana bukatar lokaci kafin ya rarrabe. Kowane ɗan ƙauye ma ya san haka, tun da ya taɓa ɗaukar bakin wuta da dare ya wulwula ya ga zobe na wuta a sarari, alhali babu zobe, garwashi ɗaya ne ke sauya wuri. Har wa yau a 1878, a Kalifoniya ta Amurka, wani mai hoto da ake kira Muybridge ya jera kyamarori a gefen fili ya ɗauki doki yana sukuwa falle-falle, sai aka ga cewa lokacin da ƙafafunsa huɗu suke barin ƙasa a tattare suke a ƙarƙashin cikinsa, saɓanin yadda masu zane suka ɗauki ƙarnoni suna zana su a miƙe. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma gaskiya ne a kasuwa da gaban alƙali. Amma ga shi ganin kansa yana da abin da yake ƙarawa da abin da yake ɓoyewa.

Ina zaune a kan bencin shagon nan sai karatun tauhidi na ƙuruciya ya dawo mini. Wani masanin Yunan mai suna Zeno ya taɓa kafa hujja cewa kibiyar da aka harba ba ta motsi, domin a kowane ƙiftawa tana wuri guda daidai tsawonta, kuma tarin tsayuwa ba ya zama tafiya. Aristo ya mayar masa da cewa zamani ba a gina shi da irin waɗannan ƙiftawar ba. Malamanmu na Ash'ariyya kuwa, irin su Alƙali Baƙillani wanda ya rasu a Bagadaza a 1013, sun tafi a kan cewa jiki an haɗa shi da jauhari wanda ba ya rabuwa, kuma sifofin da ke bijiro masa, kamar launi da motsi da rayuwa, ba sa wanzuwa lokaci biyu, Allah ne Yake sabunta halittarsu a kowane lokaci. Kuma Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ake karanta Ummul Barahina tasa a zaurukanmu, da motsi da tsayuwa ya kafa dalilin cewa duniya fararriya ce. Ba na cewa kaset ya tabbatar da maganar malaman tauhidin nan, domin na'urar mutum ba ta zama hujja a kan sirrin halitta. Sai dai ya ba ni misali da zan riƙe, cewa idan rayuwar bawa lokuta ce da ake ba shi ɗaya bayan ɗaya, to, ba shi da ko ɗaya da zai ce nasa ne ya tsayar, kuma abin da muke kira wane ko wance yana cikin jerin da Mai jerawa Ya jera, ba a samunsa cikakke a falle guda.

Amma an aiko ni da hoto, ba da falsafa za ni gida ba. Sakan 11 sau 25 ya ba mu falle 275, muka shiga bin su ɗaya-ɗaya, saurayin yana koya mini sana'arsa. Ya ce a nemi inda mutum ya ɗan natsu, kamar ƙarshen waiwaye ko lokacin da yake sauraro, domin a nan rabi biyun suke dacewa. A nemi inda haske ya faɗo a fuska, a guji inda yake bayanta. A sa kwamfuta ta warware saƙar layukan kafin a ciro. A yi aiki da asalin kaset, kada a yarda da kwafin kwafi, balle abin da ya bi ta WhatsApp aka matse shi, domin bidiyon zamani cikakken falle jefi-jefi yake ajiyewa, sauran duk bambancin da ke tsakani ne kawai. Kuma in an zo wankewa a haƙura da ƙarami kamar tafin hannu, don duk wanda ya ce sai ya yi girman allo zai sami hazo mai girman allo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin wannan bi-da-bi shi ne yawan matan da na gani a cikin sakan 11, alhali mace ɗaya ce. A wani falle idonta rabi a rufe kamar mai gyangyaɗi. A wani bakinta a karkace kamar mai gatsine. A wani kuwa ta haɗe gira ta zare ido, har wanda bai san ta ba zai rantse mafaɗaciya ce, ita da ba mu taɓa jin ta ɗaga murya ko a kan akuya ba. Babu ɗaya daga cikinsu da na'ura ta ƙaga, kowanne haske ne da ya faɗa a fuskarta da gaske. Duk da haka, da na ɗauki na ukun nan na kai wa jikoki na ce ga kakarku, da na yi mata shaidar zur da abin da yake gaskiya. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma wace fuskar daga cikin 275? A nan na gane cewa mai zaɓen falle shaida ne, kuma kamar yadda alƙali ba ya karɓar shaidar wanda ba a san shi ba sai an yi masa tazkiyya, haka fallen da za a ciro yake bukatar waɗanda suka gabace shi da waɗanda suka biyo bayansa su gaskata shi. Wannan kuwa ya wuce maganar kaset, domin kullum muna yi wa junanmu haka: mu ga mutum sau ɗaya cikin fushi ko tuntuɓen harshe, mu tsayar da shi a nan, mu rataye a zuciya shekara ashirin, shi kuwa ya daɗe da wucewa, wataƙila ma ya tuba an karɓa. Kyautata zato da shari'a ta umurce mu da shi, a fahimtata, shi ne mu bar kaset ɗin ɗan'uwanmu ya ci gaba da tafiya.

Daga ƙarshe muka tsaya a kan fallen da take sauraro, kanta a ɗan karkace, murmushi bai gama fitowa ba. Saurayin, don son ya faranta mini, ya ce, “Baba, bari in sa a ƙirƙirarriyar basira ta gyara maka.” Kafin in buɗe baki sai ga wata mace a allo, fes da ita, ana ƙirga gashin girarta, haƙoranta jere reras. Na yi shiru ina kallo, domin Inna tana da wushirya, kuma tana da tsagar gado a kumatu, ita kuwa wannan ba ta da ko ɗaya. Na'urar ba ta san su ba, sai ta cike gurbin da abin da ta koya daga fuskokin dubban mutanen da ba mu haɗa komai da su ba. A nan wata mas'ala ta fiƙihu ta faɗo mini. Malamai sun yi saɓani a kan hoto tun fitowarsa, kuma daga cikin waɗanda suka halatta akwai Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar da ya rasu a 1935, wanda ya gina fatawarsa a kan cewa mai kyamara bai ƙagi sura ba, inuwar da Allah Ya halitta ce kawai ya tsare, kamar wadda ke cikin madubi. To, idan wannan ne dalilin halascin, ina matsayin hoton da na'ura ta dasa masa idon da ba inuwar kowa ba ne? Hukuncin na bar wa ma'abotansa. Abin da na sani a matsayina na ɗa shi ne an ba ni amanar inuwa, kuma ba a yi wa amana ƙari don ta yi kyau.

Na sa ya wanke mini duka biyun, na tafi da su wurin ƙanwar Inna, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, ban ce mata komai ba. Na fara miƙa mata mai kyan. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta ce, “Tubarkalla. 'Yar gidan wa ce?” Sa'an nan na ba ta ɗan ƙaramin, mai hazo, wanda ko idanun ba sa fita sosai. Ba ta kai shi kusa da ido ba ma. Karkatar wuyan nan kawai ta gani, ta ɗora shi a cinya, ta ce, “Allah sarki, Yaya,” ta shiga yi mata addu'a, mu kuma muna cewa amin.

Shi ne yanzu yake cikin ɗan gilashi a ɗakin yayarmu. In jikoki suka yi ƙorafin ba sa ganin fuskar da kyau, sai a zaunar da su a kunna musu sakan 11 ɗin, su ga yadda ta fito da ƙwarya, ta saurara, ta ja mayafi ta juya.