Motar da Ake Tsoron Hawa



Wani dare cikin hutun da ya wuce muna zaune a fadarmu ta Zango, shayi na biyu yana kan gawayi, sai wani abokinmu ɗan kabu-kabu ya miƙo waya ya ce, "Ku ga mota, ba irin tarkacen da kuke gani a tasha ba." Hoton Land Cruiser ne, kat-kat mai buɗaɗɗen baya irin waɗanda ke bin hanyar Agadas, sai dai wannan ta musamman ce. Kamfanin Toyota ya fito da ita a 2021 don bikin cika shekara 70 da fara ƙera Land Cruiser, kuma guda 600 kacal aka yi wa kasuwar Ostiraliya.

Nan take fada ta kaure. Wannan ya ce injinta ya fi na sauran ƙarfi, yaron gareji da ke cikinmu ya ce ƙarya ne. Wancan ya ce duk wanda ya saye ta ya lulluɓe da tamfol shekara biyar, kuɗinsa sai ya ninka. Wani ya ce ai kilomita ita ce abokiyar gaba, duk taku ɗaya da motar ta yi kuɗi ne ya zube. Mai dafa mana shayi ya rantse cewa in shi ya samu, ko ledar kujera ba zai cire ba. Mu bakwai ne, kuma wanda ya fi kowa arziki a cikinmu babur gare shi, shi ma na ubangidansa ne. Cinikin biri a sama ke nan.

Ana cikin haka maƙwabcinmu ya fito shan iska, dattijo ne da ya yi shekaru yana tuƙi a arewa kafin ido ya hana shi. Muka ce, "Baba, kai da ka san mota, nawa wannan za ta yi nan da shekara biyar?" Ya kanga wayar a fuska ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ta taɓa kafewa a rairayi?" Muka ce a'a, sabuwa ce fil. Ya mayar da waya ya ce, "To ƴaƴana, ban san ta ba tukuna. In ta je Dirku ta dawo, ku zo ku tambaye ni."

Muka yi dariya, amma maganar ta bi ni har gida. Tambayar da nake son mu duba tare ita ce: mene ne darajar abin da aka ƙera don aiki, in aka hana shi aikin don kada kuɗinsa ya ragu? Kuma me irin wannan lissafi yake yi wa zuciyar mai yin sa?

Mu fara da motar kanta. Yaron gareji ne ya yi gaskiya. Injinta V8 ne mai shan gazuwal, lita 4.5, shi ne dai wanda ke cikin ƴan'uwanta na wancan lokaci. Abin da aka ƙara mata ado ne: baƙin gaba mai ɗauke da sunan kamfani da manyan baƙaƙe, ƙafafu masu duhu, kujeru masu kyau, da tambarin shekara 70. Sitiyarinta ma a dama yake, don a hagu ake tuƙi a can. Ashe abin da ya hana mu barci shi ne adadin nan, 600. Kuma ba ƙarfe ne ya ƙare wa kamfanin ba. Zama aka yi a ofis aka ce a tsaya a nan, don an san halin ɗan Adam: abin da aka ce ba kowa zai samu ba, shi kowa ke so.

Mu a Damagaram mun san wani ƙarancin daban. Mun san na ruwa in bazara ta yi tsanani, lokacin da famfo ke yin kwanaki bai ɗiga ba, mata da yara suna layi da jarkoki tun asuba. Mun san na hatsi in damina ta yi gardama. Wannan ƙaranci yana zuwa da ƙishirwa da yunwa. Na motar kuwa ƙera shi aka yi kamar yadda aka ƙera tayoyinta.

Waɗanda suka yi ajin ƙarshe na lise za su tuna darasin filo. Aristot ya ce takalmi yana da amfani iri biyu: a saka shi a ƙafa, ko a yi musaya da shi. Duka biyun amfani ne, amma na farko shi ne dalilin da ya sa aka ɗinka shi. Daga baya, a littafinsa na 1776, Adam Smith ya kawo misalin ruwa da lu'ulu'u: babu abin da ya fi ruwa amfani amma kuɗinsa kaɗan ne, lu'ulu'u kuwa ba ya kashe ƙishirwa amma yana sayen gida. Da malamin nan ya yi bazara ɗaya a Garin Malam yana jiran mai ga-ruwa, da ya ga ranar da amfani da tsada suke haɗuwa a jarka ɗaya. Amma batunsa yana nan: kuɗin abu daban, amfaninsa daban. A fadarmu daren nan, cikin awa biyu da muka yi, babu wanda ya tambayi buhu nawa motar za ta ɗauka ko wace hanya za ta iya bi. Dattijon nan kaɗai ya yi tambayar takalmi a ƙafa.

Na san abin da wasunku za su ce, don ni ma na faɗa wa kaina. Za su ce: malam, kana maganar littafi. A ƙasar da mutane da yawa ba sa ajiya a banki, dole dukiya ta sami wurin kwana. Kakanninmu a shanu suke ajiya, iyayenmu mata a awaki da kwanukan jere. Alhajin da ya sayi motar da ba ta faɗuwa a kasuwa bai yi laifi ba, hankali ya yi. Ranar da ciwo ko gobara ta zo, ita za ta fitar da shi kunya.

Wannan magana tana da nauyi kuma ban raina ta ba. Duba ranar sayarwa tun ranar saye ba zunubi ba ne. Amma ku lura da saniyar ajiya: tana ba da nono, tana haihuwa, takinta yana gyara gona. Ajiyar ba ta hana ta amfani. Haka rumbu: manomin da ya ajiye gero don iyalinsa su ci a watan bakwai, kowa yaba masa yake yi. Wanda ya saye geron kasuwa ya kulle yana jiran mutane su galabaita tiya ta yi tsada, addini ya hana, al'ada ma ta ƙi. Duka biyun ajiya suka yi, niyya ce ta raba su. Ban ce mai lulluɓe mota daidai yake da mai ɓoye hatsi ba, don ba wanda zai kwana da yunwa saboda tambarin shekara 70. Amma tunanin ɗan gida ɗaya ne: ribata tana cikin rashin da wani zai yi.

Ga kuma wani abu: kuɗin sake sayarwa hasashe ne, kuma a ƙasar nan mun ga yadda yake juyawa. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, duk mai kat-kat ya zama ɗan gata, kowa na neman motar da za ta kai shi. A 2015 aka yi dokar hana safarar baƙin haure, daga 2016 aka shiga kama motoci a yankin Agadas, wasu suka yi shekaru a jibge rana tana cin tayoyinsu. A 2017 gwamnati ta rufe wurin haƙar na Jado. A watan Nuwamba na 2023 kuma aka soke waccan dokar. Mota ɗaya ce, injin ɗaya, amma cikin shekara goma ta zama arziki, ta zama abin ɓoyewa, ta sake fitowa fili. Wa ya hango wannan a bakin butar shayi? Ko a Japan, da sabuwar Land Cruiser 300 ta fito a 2021, jira ya kai har shekara huɗu, kuma an riƙa sa masu saye su sa hannu cewa ba don su juya ta su sayar suka saye ta ba. Wanda ya ƙera motar da kansa ya ga masu lissafin riba suna neman shiga gaban masu buƙata.

Bari in faɗa muku abin da ya sa maganar dattijon nan ta dame ni fiye da sauran. Shekara uku da suka wuce, da damina, naƙuda ta zo wa yayata da gardama a ƙauyenmu. Daga can zuwa kwalta tafiya ce mai nisa, ga ruwa ya cika kwari. Mun ɗora ta a amalanken shanu, tafiya ta gagara. Abin da ya zo ya ɗauke ta tsakar dare wata tsohuwar Land Cruiser ce ta ɗaukar marasa lafiya, fentinta ya koɗe, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Sau biyu tana kafewa muna turawa, laka har gwiwa. Da asuba aka yi wa yayata aiki, ita da ɗan suka rayu. Yaron yanzu yana gudu a tsakar gida.

In aka kai motar nan kasuwa, dillali ba zai ko waiwaye ta ba. Duk abin da ya rage mata kuɗi, kilomita da tsatsa da lotsewa, shaidar mutanen da ta ɗauko ne. Ni kuma da na tura ta da hannuna, ni ne na zauna a fada ina gyaɗa kai da aka ce kilomita abokiyar gaba ce. Abin da ya ba ni kunya ke nan.

Kada kuma mu yi saurin cewa duk abin da ke aiki alheri ne. Irin motar nan ce sojojin Cadi suka ɗora wa bindigogi a 1987 suka fatattaki na Libiya, har duniya ta sa wa yaƙin sunan Toyota. Irinta ce wasu marasa imani suka sha zubar da fasinjoji a tsakiyar Tenere su gudu. Waɗannan duka aiki ne. Don haka tambayar dattijo tana buƙatar ƙanwa: ta shiga rairayi, to, wa ta ɗauko, kuma ina ta kai shi? Ƙarfe ba shi da hali, halin mai tuƙi yake ɗauka. Haka doki yake a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa: dabba ɗaya ce ake hawa a tsare gari, a kai hari, a yi ado ranar salla. Amma ko a wancan zamani, ingarman da aka ɗaure a turke ana tsoron ya yi gumi, ba a kirga shi cikin dawakin da gari ke taƙama da su.

Yanzu in dawo kanmu, don ba na jin a cikin masu karanta wannan ɗan littafi akwai mai shirin sayen V8 bana. Abin da nake tsoro shi ne tambayar "nawa za ta yi in an sake sayarwa" ta fita daga kan mota ta hau kan komai. Ku saurari yadda muke zaɓen fannin karatu. Da wuya ka ji an ce me zan iya yi wa mutane da wannan ilimi, sai dai wace takarda ce ke ci a kasuwa, wacce ƙungiyoyin agaji ke biya da tsada. Akwai wanda ya sami digiri ya sa a leda ya jefa a akwati, ko wasiƙa ba zai rubuta wa tsohuwar unguwarsu ba, wai kada a raina masa daraja. Yana zaune ƙarƙashin tamfol yana jiran mai saye. Akwai mai yin abota da lissafin wa zai zama wani abu gobe. Har zancen aure ya fara kama da zancen dillalai. Mutumin da ya saba kallon kowane abu ta idon mai saye na gaba, wata rana kansa zai kalla haka, ya riƙa tsoron duk wata wahala da za ta bar masa tabo, ko da ita ce wahalar da za ta sa a san amfaninsa.

Ban ce mu daina hirar motoci ba. Talaka ma yana da haƙƙin mafarki, kuma daren fada yana da tsawo. Ni ma ina son abu mai kyau, in Allah ya hore mini ba zan hau akwala don nuna tawali'u ba. Neman abinci da takardar da mutum ya sha wahala a kanta ma ba abin kunya ba ne. Abin da nake roƙo shi ne mu gyara jerin tambayoyin. A fara da me abin nan yake yi, a bi da wa yake yi wa, kuɗin sayarwa ya zo a ƙarshe. In ya zo a farko, yakan cinye sauran.

Bayan kwana biyu na koma wurin dattijon na ba shi labarin motar da ta ɗauko yayata. Bai tambaye ni shekarar da aka ƙera ta ba. Cewa ya yi, "Direban ya rage iskar taya kafin ya shiga kwarin?" Na ce ban lura ba, Baba. Ya ce, "To gobe ka zo in nuna maka yadda ake yi. Wata rana kai za a kira."

Na je. Allah ya amfanar da mu da abin da muke karantawa, ya kuma amfanar da mutane da mu. Amin.