Matar Mamaci Ba Ta Cikin Kayan Gado

 A ƙasar Makoda da ke arewacin Kano, gona manne take da gona tun daga Koguna har iyakar Dambatta, babu sauran dajin da mutum zai sare ya ƙara. Saboda haka idan magidanci ya rasu bai bar ɗa ba, tun kafin sadakar arba'in akan ji dangi suna cewa ƙane ya riƙe matar wansa, don kada gona ta fita daga gida. Wasu har suna zaton addini ne ya ce a yi haka.

Lalle akwai shari'ar da ta ce haka, amma ta Yahudawa ce. A littafi na biyar na Attaurar da ke hannunsu, sura ta 25, an wajabta wa ɗan'uwan wanda ya mutu ba ɗa ya auri matarsa, domin kada sunan mamacin ya ɓace. Suna kiran wannan aure yibbum. Idan ya ƙi, sai matar ta cire masa takalmi a gaban dattawa, ta tofa yawu a gabansa, sannan ta sami damar auren wanda take so. Littafinsu na fiƙihu mai suna Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya ƙara da cewa wanda ya auri matar shi ne zai mallaki dukiyar ɗan'uwansa. Sun kuma hana a yi auren ko cire takalmin ran Asabar, ranar da ba su shari'a, ba su ciniki.

Watau a wurinsu mace da dukiya tare suke tafiya, kuma malamansu sun hango ɓarnar da ke cikin haka. Ɗaya daga cikin na farko, Abba Sha'ul, ya tafi a kan cewa wanda ya yi auren don kyan matar ko wata bukata tasa, ba don cika umurni ba, kamar ya kusanci wadda aka haramta masa ne. A shekarar 1950 manyan malamansu na ƙasar Isra'ila suka hana auren, suka ce a riƙa cire takalmi kawai. Abin mamaki ne masu hukuncin su janye daga gare shi, alhali Musulmin da ba a ɗora masa ba yana riƙe da shi saboda gero da dawa.

A Musulunci kuwa, aya ta 19 ta Suratun Nisa'i ta hana a gaji mata bisa tilas. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa a zamanin jahiliyya dangin mamaci ne suke da iko da matarsa, in sun so wani ya aure ta, in sun so su aurar da ita, in sun so su tsare ta, sai ayar ta sauka. Matar da ake gadonta jiya ta zama mai cin gado: rubu'i idan mijin bai bar ɗa ko 'ya ba, sumuni idan ya bari. Misali, in gonar kadada huɗu ce, ba 'ya'ya, ba kishiya, kadada ɗaya tata ce bayan an biya bashi da wasiyya. Ta noma, ta ba da haya, ta sayar, ba mai hana ta.

Auren ƙanen miji ba haramun ba ne, sau da yawa ma alheri ne, musamman in akwai marayu. Amma sai ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma a ɗakin mijinta, ko ta haihu in tana da ciki. Ba a neman aurenta a fili kafin nan. A mazhabar Imam Malik, wanda ya ɗaura aure cikin idda har ya tare da matar, ta haramta gare shi har abada. Kuma bazawara sai ta furta yardarta da bakinta, shirunta ba ya isa, sannan a ba ta sabon sadaki.

Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa a zahiri, alhali ya tsare ta da cewa ko aure ko ta bar gona, ya tuna da mutanen Asabar da Suratul A'araf ta ba da labari. An hana su kamun kifi ranar, sai suka kafa taru ran Jumma'a suka kwashe ran Lahadi, kamar yadda malaman tafsiri suka bayyana, aka kuwa halaka su.

Idan gonar ta yi ƙanƙanta har rabo zai lalata ta, mai unguwa da dattawan da suka san farashin ƙasa su yi mata ƙima, 'yan'uwa su biya matar kuɗin rabonta da yardarta. In an kasa daidaitawa, sai a kai maganar gaban alƙali.