Tawakkali da Safar Hannun Mai Nutso

Idan hunturu ya kankama a watannin Disamba da Janairu, manomi a Sanyinna da sauran garuruwan ƙasar Tambuwal yana iya jiran hantsi kafin ya fita, amma masunci ba ya jira. Tun da jijjifi yake shiga ruwa, ko a tabkunan fadama ko a Gulbin Zamfara da ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, alhali jaura tana kaɗawa. Abin da yake fara gazawa a jikinsa shi ne hannu. Yatsu su ƙage, ƙulla igiya ya gagara, cire kifi daga taru ya zama aiki, har ƙayar kurungu ta soke shi bai ji ba sai ya ga jini. In aka ce masa ya nemi abin da zai rufe hannun, ko ya sa rigar da za ta hana shi nutsewa, amsar da aka saba ji ita ce kwana in ya ƙare babu rigar da ke hanawa, shi ya dogara ga Allah. Maganar tana da daɗin ji, kuma mai faɗinta ba munafuki ba ne. Sai dai kuskure ne a kira wannan tawakkali. Kare jiki daga sanyi da ruwa, da zaɓen kariyar bisa ilimi, yana cikin tawakkalin kansa, barinsa kuwa sakaci ne da amanar da Allah Ya damƙa wa bawa.

A duba yadda masu sana'ar nutso suke yi a tekunan ƙasashe irin su Norwe da Kanada, inda ruwa ke kusan daskarewa. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska da kusan ninki 25, saboda haka mai nutso yakan sa wata riga da ruwa ba ya ratsa ta, a ciki kuma ga tufafi masu kauri. Amma rigar tana ƙarewa ne a wuyan hannu, ga shi kuwa da hannun zai buɗe bututun iska, ya kwance ƙulli, ya yi wa abokinsa ishara. Don haka sai ya zauna ya zaɓi safar hannu ta roba wadda ake haɗawa da hannun rigar da wasu zobba, a ƙarƙashinta kuma ya sa wata ta ulu. In safar ta yi kauri da yawa, ya sami ɗumi amma yatsu ba sa riƙe komai, in ta yi laushi da yawa, ƙarfe mai kaifi ya huda ta ruwa ya shiga. Da ya nutsa mita 10, nauyin da ke danne shi ya ninka na bisa ruwa, iskar da ke cikin safar ta matse, robar ta manne wa fata, shi ya sa ake cusa wani ɗan siririn bututu ta wuyan hannu domin iskar rigar ta riƙa ratsawa zuwa cikin safar. Duk wannan tsanaki a kan yatsu goma ne kawai, domin an gane cewa mutumin da yatsunsa suka mutu a ƙarƙashin ruwa ba ya iya ceton kansa, balle wani.

Mai yin wannan lissafi, in Musulmi ne, bai fita daga koyarwar Alƙur'ani ko da taki ɗaya ba. A Suratun Nahli, wadda ta jero ni'imomin Ubangiji, aya ta 5 ta ƙidaya ɗumin da ake samu daga dabbobi a cikin ni'imomin, aya ta 81 kuma ta ambaci tufafin da ke kare mutum daga zafi da waɗanda ke kare shi a fagen yaƙi. Abin da aka kira ni'ima, yin amfani da shi godiya ne. Annabi Nuhu, wanda Allah Ya yi wa alkawarin tsira, an umarce shi ya sassaƙa jirgi da hannunsa, alhali Mai umarnin yana da ikon tsirar da shi ba tare da katako ba. Annabi Dawuda an koya masa ƙera sulke, har a Suratu Saba'i aka umarce shi ya daidaita saƙar zobbansa. Wato bayan umarnin yin kariyar, akwai umarnin kyautata ta yadda za ta yi aikin da aka yi ta dominsa, kuma wannan shi ne abin da mai nutso yake yi sa'ad da yake gwada safa a yatsunsa. Sannan ga hani a Suratul Baƙara, aya ta 195, cewa kada mutum ya jefa kansa ga halaka.

Sunna ta ma fi kusanto da maganar ga sanyi. A shekara ta 8 bayan hijira, a yaƙin Zatus Salasil, Amru ɗan Asi ya wayi gari da janaba a wani dare mai tsananin ɗari. Ya ji tsoron in ya yi wanka zai mutu, sai ya yi taimama ya ja mutanensa sallar asuba. Da aka kai labarin ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Amru ya kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i da ta hana mutum kashe kansa, Annabi kuwa ya yi dariya bai zarge shi ba, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. In har tsoron cutarwar sanyi ya isa a sauya wankan farilla, to neman abin rufe hannu domin kamun kifi ba zai zama raunin imani ba. Shi kansa shugaban masu tawakkali ya sa sulke biyu a ranar Uhudu, kuma da wani ya tambaye shi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, umartarsa ya yi ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Mai jayayya zai ce duk wannan an ji, amma ajali ba ya gaba ba ya baya. Gaskiya ne, kuma babu Musulmin da ke musunsa. Sai dai babu wanda aka nuna wa ranarsa, kuma mai wannan magana ba ya barin cin tuwo don ya san ajalinsa a rubuce yake. Sayyidina Umar ya warware wannan tun da daɗewa, lokacin da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa masa cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya kasa sabubban kawar da cuta gida uku: wanda amfaninsa tabbatacce ne, da wanda ake kyautata zaton amfaninsa, da wanda hasashe ne kawai. Ya bayyana cewa barin na farko ba tawakkali ba ne, haramun ne ma idan ana tsoron mutuwa, na ukun kuwa shi ne mai tawakkali yake bari. Abin takaici shi ne an juya wannan ma'auni a bakin gulbi. Za ka ga mutum ya ƙi rigar da kowa ya shaida tana ɗaga mutum bisa ruwa, amma ga laya a damtsensa wadda aka ce masa ruwa ba zai ci shi ba.

Wata hujjar ita ce wahala tana da lada, kuma hadisin Muslim ya yabi mai cika alwala a lokacin da take da wuya. Haka ne, amma wahalar da ake ba da lada a kanta ita ce wadda ta zo manne da ibada ba yadda za a raba su, kamar tashi da asuba cikin ɗari. Wadda mutum ya ƙirƙiro wa kansa ba ta cikin wannan. Buhari ya ruwaito labarin Abu Isra'ila, wanda ya yi bakance zai tsaya cikin rana, ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Annabi ya sa aka ce masa ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, daga Ahalari zuwa Risala, sun halatta taimama ga wanda ruwa zai cutar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ba a tuhumar tawakkalinsa, ya rubuta littattafai a kan magani da kiwon lafiya. Addinin da malamansa suka tsaya haka a kan lafiyar jiki ba zai kira ƙagewar yatsu a cikin ruwa kusanci ga Allah ba.

Akwai kuma masu cewa ruwanmu ba irin na Turai ba ne, kuma kakanninmu sun yi su ba tare da waɗannan kaya ba. Lallai gulbinmu ba ya daskarewa, kuma ba wanda ya ce masuncin Kebbe ya sayo kayan tekun Norwe. Darasin shi ne a auna kariya da girman haɗari. Jikin mutum yana zaune ne a kan digiri 37, da zarar ɗuminsa ya faɗo ƙasa da 35 hankali da gaɓoɓi sun fara rikicewa, kuma daɗewa cikin ruwa da fitowa da jiƙaƙƙun tufafi cikin iskar hunturu suna iya kai mutum can. Su kuwa kakanni, ai ba da tsirara suka tunkari ruwa ba. Duk mai kallon bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yau tun 1934, ya ga masunta sun faɗa Matan Fada kowa da homa da ƙatuwar gora. A kan gorar nan yake kwanciya ta riƙe shi bisa ruwa, ita ce rigar kariyar mutanen da. Wanda ya yarda da gora ya ƙi riga ba shi da hujja ta addini, sabo ne kawai. Kuma an ga abin da sabon ya jawo: a Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya kife kusa da Warra a Jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira, a Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a ƙaramar hukumar Shagari, maƙwabciyar Tambuwal, a Mayun 2023 yara 15 na ƙauyen Dandeji suka nutse a hanyar neman itace. Bayan irin wannan musiba, masu nutso na gari ake kira, su shiga da jikinsu kawai suna lalube da hannu.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce tsoron kada zuciya ta rataya ga kaya ta manta da Mai kayan. Wannan haɗari ne na gaske, domin ruwa yakan ci gwani, kuma safa mai tsada tana hujewa. Maganinsa shi ne hannu ya riƙi sababi, zuciya ta riƙi Allah. A ranar 26 ga Mayun 2013 jirgin Jascon-4 ya kife a tekun Najeriya ya kwanta a zurfin kusan mita 30. Mai dafa abincinsa, Harrison Okene, ya yi kusan awa 60 cikin duhu a wani lungu da iska ta maƙale, yana addu'a ba fasawa, yana kuma tattara abin da zai hau ya ɗaga jikinsa daga ruwa don kada sanyi ya kashe shi. Masu nutson da aka turo, gawa suka zo nema, sai ɗayansu ya taɓa wani hannu, hannun ya damƙe shi. Allah ne Ya tsirar da shi, kuma Ya tsirar da shi ne ta hannun mutumin da ya koyi sana'arsa ya shirya kayansa. Da babu wanda ya riƙi sababi, da ba a isa wurin ba.

Saura maganar talauci, kuma ita ba a amsa ta da wa'azi. Masuncin da ke neman na cefane ba a ɗora masa abin da ba ya iyawa, amma nauyin yana komawa kan waɗanda suke iyawa, domin tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta sa rigar kariya a jirage, sai dai doka ba ta aiki a mashigar da babu rigar. Ya kamata ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su ajiye riguna a kowace mashiga, su kuma horar da masu nutson gari su ba su kayan aiki. Sarakunan ruwa su hana jirgi tashi da lodin da ya wuce ƙima. Mawadata su sani cewa sayen riga da safar roba ga masunci sadaka ce. Malamai kuma, musamman masu hawa mumbari ranar Juma'a, su faɗa wa jama'a a fili cewa wanda ya ɗaure rigarsa, ya rufe hannunsa, sannan ya yi bisimilla ya shiga ruwa, shi ne ya yi tawakkali irin wanda Annabi ya koyar.