Amanar da ke Ƙarƙashin Kwalta

Duk wanda ya zauna a Anguwan Rogo ya san damina ita ce alƙalin hanyoyinmu. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba ruwa kan gangaro daga duwatsun Jos, ya bi kowane titi yana tone abin da aka binne. Titin da aka yi da gaskiya sai ya fita da kyansa, wanda aka yi da algus kuwa kafin kaka ya koma ramuka. Ambaliyar watan Yulin 2012, wadda ta ci rayuka da gidaje a Rikkos da Gangare da nan unguwar tamu, ta isa ta koya wa kowa cewa ruwan garin nan ba a yi masa wayo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da ɗan 'yar'uwata ya zo mini da ita bayan sallar isha'i. Matashin injiniya ne a wani kamfanin gina hanyoyi. Ya ce, "Kawu, an ce in sa hannu cewa an daddaɓe jar ƙasa yadda ya kamata, alhali rola ba ta gama zagayenta ba, gwajin ma ba a yi ba. In na ƙi, mutum goma na jiran kujerata. In na sa, wa na cuta? Gobe kwalta za ta rufe komai."

Kafin a amsa masa, ya kamata mai karatu ya san yadda titi yake. Kwaltar da muke gani fata ce kawai. Ƙarƙashinta akwai tsakuwa, ƙarƙashin tsakuwa akwai jar ƙasa da ake shimfiɗawa hawa-hawa, ana yayyafa mata ruwa daidai misali, ana bi da rola har ta kama jikinta. A gefe kuma akwai lambatu da kwalbati masu raba titin da ruwa. Idan aka rage hawa ɗaya, ko aka ƙuntata kwalbati, ranar buɗe titi babu wanda zai gane. Sai damina biyu ko uku sun wuce, ruwa ya ratsa, manyan motoci sun danne, sannan rami ya bayyana. Ke nan ingancin titi yana inda ido ba ya kaiwa, kuma wannan shi ne ainihin abin da Bahaushe yake kira amana: abin da aka bar maka, mai shi ba ya nan.

Hanzari uku ma'aikata kan kawo a irin wannan hali. Na farko, "umurni aka ba ni." Gaskiya ne laifin mai ba da umurni ya fi girma, domin shi ya ci ribar simintin da aka rage. Amma sa hannu shaida ce, kuma shaida ba ta zama gaskiya don wani babba ya nema. Lebura mai zuba ƙasa yana iya cewa bai sani ba. Wanda ya yi shekara biyar a jami'a don ya sani, ba shi da wannan mafaka.

Na biyu, "kowa ma haka yake yi, gwamnatin ma ba ta biya kan kari." Wannan hanzari yana da ƙamshin gaskiya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ɗan kwangilar da aka riƙe wa kuɗi, ko aka yanki wani kaso tun kafin ya kai katafila wurin aiki, a jikin titin zai nemi fansa. To amma wa ya biya bashin? Mai Keke Napep da ke zuba kuɗin cefane wajen makaniki, da mai naƙudar da aka makara da ita a hanyar asibiti. Wanda aka zalunta a ofis ya rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Na uku shi ya fi tsufa: "aikin gwamnati ne, ba na uban kowa ba." Wannan tunani yana da tarihi a ƙasar nan. Ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos a 1914 don kwasar kuza aka shimfiɗa shi, kuma tsakanin 1942 zuwa 1944 Turawan mulki sun kwaso dubban talakawa zuwa aikin tilas a ramukan kuza. Wanda aka tilasta wa aiki, ha'inci ne kaɗai makaminsa. Sai dai Turawa sun tafi tun 1960, mu kuwa muka riƙe ɗabi'ar, muna yi wa kanmu abin da kakanninmu suka yi wa baƙo. Alhali a namu gadon, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya lissafa kula da hanyoyi da gadoji da kasuwanni cikin haƙƙoƙin talakawa a wuyan shugaba.

Hukumomi ba su yi mana ƙaranci ba. An kafa COREN mai yi wa injiniyoyi rajista a 1970, DFRRI a 1986, PTF a 1994, FERMA a 2002, aka kuma yi dokar ba da kwangila a 2007. Duk da haka doka ba ta iya tsayawa a bakin kowane rami da ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da heluma ke duban hadari yana son a tashi. Abin da ke yanke hukunci a wannan sa'a shi ne al'adar kamfanin. Sabon ma'aikaci kan duba wa aka ƙara wa girma, wa aka mayar gefe. In mai cewa "a sake wannan aiki" ne ake kira mai taurin kai, to kamfanin ya gama koya wa yaransa ƙarya ba tare da ya furta ta ba. In kuwa manaja na iya sa a kankare aikin kwana uku don gwaji ya nuna rauni, har direban tifa zai san inda ya zo.

Ban ce wa yaron nan ya ajiye aiki ba, domin na san bakunan da ke ci daga albashinsa, kuma jarunta da aljihun wani abu ce mai sauƙi. Cewa na yi, "Ɗana, tsakanin ƙarya da murabus akwai fili. Ka rubuta abin da ka gani kaɗai. Ka nemi a yi gwajin, a rubuce, cikin ladabi. In an nace, wanda ya nace ya sa nasa hannun. Wataƙila ka rasa ƙarin girma, amma sunanka da ke kan takardar nan zai daɗe fiye da manajan da ya matsa maka."

Ya yi shiru, sannan ya ce zai gwada. Ban tambaye shi yadda suka ƙare ba, shi ma bai faɗa ba. Titin dai an buɗe shi, motoci na bi, damina kuma tana tafe.