Wa Ke Ɗaukar Alhakin Lambar Doka?

Mai kula da kwamfutocin ofis ko shagon intanet a Gyadi-Gyadi yakan kafa musu katangar tsaro, mai tantance saƙon da zai shiga da wanda za a kora. A tsarin ipfw na FreeBSD kowace doka tana da lamba, ana bin su daga ƙarama zuwa babba, kuma izini ko hanin da ya fara dacewa da saƙo shi ne hukunci, ba a ko waiwayar sauran. Don gudun rubuta lambobi da hannu, sai ma'aikacin ya buɗe ƙidaya a rubutun umarninsa da n=100, bayan kowace doka ya sa n=$((n+100)). Idan ya jera izini a gaban hani, ƙofa ta buɗe. To, alhakin wa ke nan?

Wasu za su ce lissafi ne kawai, na'ura ba ta da niyya, ayyuka kuwa da niyya ake auna su. Gaskiya ne, sai dai wannan hujjar kan marubucin take komawa. Na'ura ƙirga take yi, shi ya zaɓi abin da zai zo gaba. Malaman usulul fiƙhu sun daɗe da sanin cewa gabatar da keɓantaccen hukunci a kan gamamme shi kansa hukunci ne. Fiƙhu kuma bai yafe wa mai riƙon amana sakaci ba don kawai bai yi nufin ɓarna ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi yana kan doka ta 65535, ta ƙarshe, wadda bisa al'ada take korar duk abin da ba a ambata ba. Ashe ba halacci ne asalin abubuwa ba? Haka ne a abinci da ciniki. Amma dukiyar mutum da sirrinsa, asalinsu hani ne sai da izini. Bayanan majinyaci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko hotunan da ke cikin wayar da aka kai gyara kasuwar Farm Centre a Tarauni, ba kayan kowa ba ne. Malikawa ma suna da ƙa'idar toshe kafar ɓarna tun kafin ta auku.

Saboda haka wanda ya rubuta jerin shi ke da alhaki, kuma wajibi ne ya karanta dokokinsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya kunna su.